Ɗakin Wada

Jarwal, Makka
9 ga Muharram, 1374

Daga Saudatu, matar marigayi Lurwanu, zuwa ga taubashina Alhaji Wada maɗinki a Haɗeja.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Asiya da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da take damuna in zan hau tudun nan namu. 'Yata Rumasa'u tana Jidda gidan mijinta, ta haifi namiji an mayar masa da sunan ubanta. Maƙwabcinmu Malam Abdulganiyyu ne yake rubuta mini, kuma na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Wada, shekara goma sha tara ke nan da ka ɗaure kayanka ka ce mana baɗi kana dawowa. Ban san irin baɗin Haɗeja ba, amma namu na nan ya zo ya wuce sau goma sha takwas. To ba faɗa na zo yi ba, magana ce ta taso a kan filinka.

Ka tuna ranar da kai da Lurwanu kuka share gefen dutsen nan na bayan Jarwal, kuka jera duwatsu kuka raba shi biyu, gabas naka, yamma namu. Da za ka tafi ka kama hannunsa ka ce amana. Har ya koma ga Allah shekara uku da suka wuce bai bari an ɗaure ko akuya a ciki ba. Ni ma haka. Kowace Juma'a ina share shi. Wani Babarbare ya roƙe ni sau uku ya kafa bukka a ciki, na ce mai shi yana nan da ransa.

Ga abin da ya faru. A watan Shawwal gobara ta tashi a bukkokin da ke ƙasa da mu, ta cinye wajen arba'in kafin la'asar. Ka san ginin namu, ciyawa ce da buhu da garwar kananzir da aka buɗe. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Bayan an sauko daga Arfa sai umda, wato mai unguwa, ya tara mu ya karanta takarda daga hukumar gari. Sun ce za a fitar da titi a tudun nan, wanda mota za ta bi har da ta kashe gobara. A watan Safar na baɗi masu awo za su zo su duba kowane fili. Wanda aka tarar da ginin dutse mai rufi a nasa, za a rubuta masa sakki, takardar mallaka ke nan. Filin da aka tarar babu gini ya koma hannun hukuma.

Ni nawa ɓangaren ba na jin tsoro. Shekara ashirin ina kwana ina tashi a ciki, a nan na haifi Rumasa'u, a nan aka yi wa Lurwanu wanka. Ga kurnar da ya dasa, wadda muka raina da ruwan alwala, yanzu ta fi bukkar tsawo. Duk unguwa shaidata ce. Naka ne abin dubawa, don yana nan fayau kamar tafin hannu.

Lurwanu ya bar tarin duwatsu. Shekara bakwai yana tara su, kullum in ya gama kai wa mutane ruwa sai ya sauko da ɗaya ko biyu a kafaɗa, wai zai gina mini ɗaki. Na kira magini ya duba, ya ce ɗaki ɗaya za su yi, ba ƙari. Ina so in aza su a filinka don kada ya salwanta. Amma ka san a gida ba a haƙa tushe a filin ɗan'uwa sai da bakinsa, shi ya sa nake neman izininka. Ka amsa da wuri, kada ka yi mini irin baɗin nan naka.

Na ba Alhaji Tsoho mutumin garinku wannan takarda, da dabino da gorar zamzam. Dabinon na Asiya ne, kada ka cinye, na san halinka.

Allah ya sada mu da alheri.
Saudatu

*

Haɗeja
20 ga Jimada Ula, 1374

Daga Wada zuwa ga Hajiya Saudatu.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya raya Lurwanu ƙarami. Takardarki ta yi wata huɗu a hanya, domin motar su Alhaji Tsoho ta lalace a Jinaina, sun yi kwana arba'in a can. Dabino ya iso, amma wadda kika aiko wa ba ta nan. Asiya ta rasu da damina, bayan zazzaɓin kwana shida. Na raba shi sadaka da sunanta. Ni kuma idona ya fara hazo, sai an zura mini zare a allura.

Na sa an karanta mini takardarki sau uku. Daga nan na tambayi Alhaji Tsoho, tunda shi ya ji da kunnensa, na ce wannan sakki da sunan wa ake rubuta shi? Ya ce da sunan wanda ya yi gini. Na ce to madalla.

Saudatu, wasa tsakaninmu gado ne, tunda kakana da kakarki wa da ƙanwa ne, amma wannan ba maganar wasa ba ce. Duwatsu na mijinki, magini naki, shaidu maƙwabtanki. In ɗaki ya tashi a filina, na wane ne? Kuma ina da tambaya ɗaya. Lurwanu ya tara duwatsun nan don ya gina miki, a naku ɓangaren. Me ya hana ki aza su inda ya yi niyya? Me ya sa sai a nawa? Na juya maganar nan ta kowane gefe, ban sami amsar da ta kwantar mini da rai ba.

Zan gaya miki gaskiya, raina ya ɓaci. Ba ni da abin da na mallaka a duniya da nake ji da shi kamar filin nan. In na zauna a bakin keke ina ɗinki, shi nake gani, yadda in ka tsaya a kusurwar gabas kana hango hasumiyoyin Harami. Tun da Asiya ta tafi ba ni da buri sai in zo in ƙarasa kwanana a nan, a binne ni a Makka. In an raba ni da shi ban san inda zan sa kaina ba.

Saboda haka ban yarda ba. Kada ki aza ko dutse ɗaya. Ki bar shi yadda na bar shi, da jerin duwatsun iyaka. Ban ga hukumar da za ta karɓe filin Musulmi a garin Allah ba, alhali ga shaidu da ransu. In masu awo sun zo ki ce mai shi yana hanya. Bana ina tafe in Allah ya so, zan ga komai da idona kafin ya ƙarasa rufewa.

Wannan takarda tana hannun wani maniyyaci da zai bi ta ƙasa. Ki gaishe da Malam Abdulganiyyu.

Wasalam.
Wada

*

Jarwal, Makka
12 ga Shawwal, 1374

Zuwa ga Wada.

Ina yi maka ta'aziyyar Asiya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mace ce mai haƙuri, shaidar haka kuwa ta zauna da kai shekara talatin. Na yi mata ɗawafi ranar da labari ya zo. Allah ya ba idonka lafiya. Ni ina nan yadda nake.

Takardarka ta same ni ranar goma ga azumi, ina tuyar ƙosan buɗa-baki. Malam ya fara karantawa, da ya kai tsakiya sai ya tsaya ya ce ko a bari sai an sha ruwa. Na ce ƙarasa. Da ya ƙarasa, kaskon nan gaba ɗaya ya ƙone ina zaune ina kallonsa.

Ni ka kira ɓarauniya, Wada? Ba ka faɗi kalmar ba, amma ita ka nufa, ba yarinya ce ni ba. Shekara goma sha tara ina share maka fili da tsintsiyata. Lokacin yaƙi, da jiragen ruwa suka daina zuwa, abinci ya yi wuya har muna jiƙa busasshen burodi, an yi wa Lurwanu tayin buhun dawa a kan filin nan. Ya ce ba nasa ba ne. Mun kwana da yunwa a gefen filinka, kai kana can kana cin tuwo da kifin Haɗeja. Wallahi na ji zafin maganarka, na yi kuka, kuma ban yafe ba tukuna.

Ka tambaye ni me ya sa sai a naka. Don naka ne babu kowa a ciki, mai kan kwakwa! Ka ce in gaya wa masu awo mai shi yana hanya. Mutanen nan igiya suke ja, su rubuta abin da idonsu ya gani. Ba a gaban Sarkin Haɗeja muke ba, da za a kira dattawa su ce mun san ubansa.

To ka ji abin da na yi. Na yi gini. Ka ce kada in aza dutse, na aza duka. Bayan salla da kwana biyu na kira gayya, mutanen unguwa suka fito, Kanawa da Zabarmawa har da Babarbaren nan da na hana fili. Na dafa musu shinkafa da wake. Kwana shida aka yi, ɗaki ya tashi, ƙafa goma sha biyu, rufin katako da ƙasa, ƙofa tana duban gabas, da 'yar taga wajen Harami. Na san na taka al'ada, na yi gini a filin ɗan'uwa ba da bakinsa ba. Wannan laifin na ɗauka. Ya fi mini sauƙi a kan in tashi gaban Allah a ce amanar Lurwanu ta salwanta a hannuna.

Ranar da aka gama na kai shaidu huɗu gaban umda, na ce ya rubuta a littafinsa, wannan ɗakin Wada ɗan Mukhtaru ne, Bahaɗeje, ni mai tsaro ce. Ya rubuta, na dangwala yatsa. Ban kwana a ciki ba ko sau ɗaya. Na sa kwaɗo, mabuɗin yana wuyana. In ka zo hajjin bana, kamar yadda ka ce, ka karɓi abinka.

Wannan ta gidan waya za ta bi, mijin Rumasa'u zai jefa ta a Jidda, don kada ka ce mota ta lalace.

Saudatu

Ƙari daga mai rubutu, Abdulganiyyu: Alhaji, ina gaisuwa. Ni da umda mun gaya wa Hajiya cewa takardar hukuma ginin dutse ta ambata, ba ta ambaci bukka ko itace ko daɗewa ba. Mun ba ta shawara ta gina nata tukuna. Ta ce ta ji. Na ga ya kamata ka sani.

*

Jarwal, Makka
6 ga Rabi'ul Awwal, 1375

Zuwa ga Alhaji Wada, tare da gaisuwa da fatan ido ya yi sauƙi. Ni lafiya, Rumasa'u da ɗanta lafiya.

Ba ka amsa takardata ba, kuma ba ka zo ba. Na bi masaukin mutanen Haɗeja sau biyu lokacin hajji ina tambaya, suka ce sun baro ka a gida. Ban yi mamaki ba.

Masu awo sun zo ranar sha huɗu ga Safar, su biyar, da igiya da jan fenti da wani babban littafi. Babbansu mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga wa kowa murya ba. Suka shiga ɗakinka, suka ƙwanƙwasa bango, suka duba rufi, suka duba littafin umda. Ya ce tayyib, wato madalla, aka rubuta. Sakkinka ya fito makon jiya, da sunanka da na mahaifinka. Malam ya kwafe shi ya sa a cikin wannan takarda. Na ainihin yana cikin gwangwani a wurina.

Daga nan suka juyo nawa. Na fito da shaiduna, mutum tara, har da ungozomar da ta karɓi haihuwar Rumasa'u. Na nuna masa kurna, na ce a garinmu wanda ya dasa itace ya raine shi, ƙasar ta san shi. Malam ya fassara masa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, ya Hajja, ban ƙaryata ki ba, amma ni an aiko ni in rubuta gini, a nan kuwa ban ga gini ba. Ya buɗe littafin ya nuna mini gurbin, ya rubuta fili babu gini.

Titin kuwa, yadda suke yi, suna kauce wa ginin dutse in da hali, su bi ta inda babu. Da igiyar ta zo kanmu sai ta goce wa bangonka da taku biyu, ta bi ta tsakiyar bukkata. Aka shafa jan fenti a jikin kurna. An ba mu kwana goma sha biyar. Na kwashe kayana da kaina, ban bari an taɓa mini ba. Ranar da aka sare itacen na tafi Harami tun hantsi, ban dawo ba sai da aka gama.

Ba zan ce an zalunce ni ba. An karanta mana takarda shekara guda kafin nan, kuma an gaya mini, Malam ma ya rubuta maka a gabana. Ni ce na ɗauka shekara ashirin da itace da shaidu za su tsaya mini kamar a gida. Ko da na fara shakka, duwatsun ɗaki ɗaya ne, kuma takardarka, wadda ka ce ba ka da abin da ya kai filin nan, tana ƙarƙashin matashina.

Masu bukkokin da titi ya ci an ba su wuri a Ka'akiyya, can bayan gari. Ni ma an ba ni. Na je na gani. Fili ne mai faɗi, ba laifi, amma ko kiran sallar Harami ba a ji, kuma da gwiwar nan ba zan iya zuwa in dawo a ƙafa ba. Ni kuwa abin da ya zaunar da ni garin nan ke nan.

Saboda haka na buɗe kwaɗon. Yau kwana tara ina kwana a ɗakinka ba da izininka ba, laifi na biyu ke nan. Ina roƙo ka bar ni in zauna zuwa ranar da za ka zo. In ka ce a'a, ka faɗa kai tsaye, zan koma Jidda wurin Rumasa'u in bar mabuɗi a hannun Malam.

Wasalam.
Saudatu

*

Haɗeja
2 ga Jimada Ula, 1375

Zuwa ga 'yar'uwata Saudatu.

Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Jikina lafiya, amma idon ya tafi. Na daina ɗinki tun kafin babbar salla, keken ma na ba ɗan ƙanena.

Takardarki ta Shawwal ta zo a kan lokaci, mota ba ta lalace ba. Ni ne na kasa amsawa. Da aka karanta mini ƙarin da Malam ya yi a ƙasa, na gane abin da kika jefa cikin haɗari saboda maganata. Na yi niyyar in rubuta in ce ki rushe, ki mayar da duwatsun naki ɓangaren, ko ki je gaban umda ki sauya suna. Kullum sai in ce gobe, don ban san da bakin da zan fara ba. Ina cikin goben nan sai takardarki ta gaba ta iso.

Da aka zo wurin kurna na ce mai karatu ya dakata. Ina nan ranar da Lurwanu ya dasa ta, ni na riƙe masa butar. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Na zalunce ki, Saudatu. Na zargi amana a hannun wadda ta fi ni riƙon ta. Kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na daɗe da sanin ba zan dawo ba. Filin nan na riƙe shi ne don in riƙa cewa ina da wuri a Makka, in ji daɗi a raina. A kan wannan jin daɗin kika rasa gidanki.

Jiya na sa an kai ni gaban alƙali da shaidu biyu, Alhaji Tsoho da limamin unguwarmu. Na ba ki ɗakin da filin kyauta, duniya da lahira, babu mai tayar da maganar a cikin 'ya'yana. Ga takardar da hatimi a ciki. Ki kai wa umda a sauya sunan. Ba izinin zama nake ba ki ba, don ba a ba mutum izini a gidansa.

Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, zan jira.

Wada

*

Jarwal, Makka
15 ga Muharram, 1376

Zuwa ga taubashina Wada.

Gaisuwa da jaje a kan ido. Allah ya sa kaffara ne. Ni lafiya. An gama titi, motoci suna wucewa ta ƙofata har ƙura ta hana ni shanya. Amma ciniki ya ƙaru, direbobi suna tsayawa sayen ƙosai.

Na yafe maka. Na yafe tun ranar Arfa, don ban so in tsaya a wurin da nauyin kowa a raina ba.

Kyautarka kuwa ban karɓa ba. Takardar alƙali tana cikin gwangwani tare da sakki, ban kai wa umda ba kuma ba zan kai ba. Malam ya yi ta fama da ni, Rumasa'u ma ta zo takanas ta yi mini faɗa da Larabci. Na ce su bar ni. In sunana ya hau takardar nan, abin da ka zarge ni da shi ya tabbata ke nan, na gina kuma na ci. Na gaya wa umda a gaban mutum huɗu cewa ni mai tsaro ce, kuma a haka zan mutu. Zama dai ina zaune, tunda ka ce ba ka kore ni ba.

Maganar cewa ba za ka dawo ba, ban karɓe ta ita ma ba. Makafi nawa nake gani suna ɗawafi kullum? Yanzu har jirgin sama yana tasowa daga Kano. Ka sa 'ya'yanka su yi abin da ya kamata. Ranar da ka iso zan ba ka mabuɗi in tafi Jidda in yi renon jika, kai kuma ka zauna bakin tagar nan. Ba za ka ga hasumiya ba, amma kiran salla yana shigowa har kan gado.

Mai kawo maka wannan takarda zai ba ka sanda. Ranar da aka sare kurna Malam ya ɓoye mini reshe ɗaya, na kai aka feƙe shi aka sa masa ƙarfe a gindi. Abin da ya rage na gidana ke nan. Ka dogara da ita ka zo.

In ka sauka Jarwal kada ka ce a kai ka gindin kurna, babu wanda zai gane. Ka ce ɗakin Wada. Haka kowa yake kiransa.

Saudatu